Windows ko Linux a kwamfutar gida? Tambayoyin da aka fi yi a Maradi

Tambayoyin nan su ne ke ta maimaituwa a bakin masu kawo kwamfuta gyara da masu shirin saye a nan Maradi: ɗalibai, malaman makaranta, ƴan kasuwa, da iyayen da suka sayo wa yara. Sun ƙaru tun da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Yawancin kwamfutocin gidajenmu okaziyo ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka suka iso mana ta Kwatano ko ta Kano da Katsina, don haka da irinsu aka auna amsoshin.

Mene ne sistem, kuma me ya raba Windows da Linux?

Sistem shi ne babbar manhajar da ke tashi da zarar ka kunna kwamfuta. Shi ke kula da allo da madannai da diski, kuma a kansa sauran manhajoji ke zama. Windows na Microsoft ne, macOS na Apple ne. Dukansu na kasuwa ne, kuma rubutun da aka gina su da shi yana hannun kamfanin. Lasisin da kake biya izinin amfani ne kawai, kamar rumfar haya a babbar kasuwa: kana cinikinka a ciki, amma ba ka da ikon fasa bango ko ba wani rabi.

Linux kuwa rubutunsa a buɗe yake. Kowa na iya karantawa, ya gyara, ya kwafa, ya raba wa wanda ya ga dama, kuma lasisinsa mai suna GPL ne ya ba da wannan dama a rubuce. Sharaɗin shi ne duk wanda ya gyara ya raba wa jama'a, to ya bar gyaran nasa a buɗe shi ma.

Wa ya yi Linux ɗin, kuma da me suke ci in kyauta ne?

Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ne ya fara rubuta zuciyar sistem ɗin a 1991, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya kafa a 1983. Daga nan ƙungiyoyi da kamfanoni suka riƙa haɗa nasu samfurin: Debian a 1993, Ubuntu a 2004 a ƙarƙashin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, Linux Mint a 2006 daga hannun wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre. Kamfanoni irin su Canonical da Red Hat suna samun kuɗinsu ne daga manyan ma'aikatu da ke biyan su don kula da na'urorinsu, Mint kuma da gudummawar masu amfani da shi yake tafiya. Jandarmomin Faransa sun shafe shekaru suna aiki da wani samfurin Ubuntu a ofisoshinsu. Kai ma kana riƙe da Linux a aljihu, domin a kan zuciyarsa aka gina Android.

Malam, ai mu ma Windows kyauta ake sa mana, kuɗin aiki kawai muke biya. To ina bambancin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurinmu. Lasisin Windows 11 na gida dalar Amurka 139 ne a shagon Microsoft, wato ya haura jaka saba'in, kuɗin da wani lokaci ya kusa na kwamfutar kanta. Abin da ake sa wa mutane a jaka ɗaya ko biyu, sau da yawa Windows ne da aka fasa makullinsa da wata ƴar manhaja da ake kira kirak. Kafin kirak ya yi aiki sai an kashe mai gadin kwamfutar, an kuma ba shi cikakken iko a kan komai. Ba ka san wanda ya rubuta shi ba, ba ka san hannu nawa ya ratsa kafin ya iso kilen USB na mai gyara ba, kuma sananne ne cewa ɓarayin intanet na cusa kayansu cikin irin waɗannan manhajoji. Sannan galibi a kashe sabuntawa don kada makullin ya dawo. Ka ga kwamfutar da ake shiga Facebook da imel da ita, ake ajiye lissafin shago a ciki, ta zauna a buɗe. Akwai kuma batun haƙƙi, wanda mutane da dama a garin nan ba su ɗauke shi da wasa ba: amfani da kayan wani ba da izninsa ba ne.

Ga abin da mutane ƙalilan suka sani. Kwamfutocin ofis irin su HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad da suka fito tun zamanin Windows 8 galibi suna ɗauke da lasisinsu na asali a rubuce cikin allon na'urar. In aka sa musu Windows mai tsabta daga shafin Microsoft, wanda ya dace da lasisin, da an haɗa da intanet zai kunna kansa. Kenan akwai masu yawo da kirak alhali suna da halaliyarsu. Kafin ka yarda a sa maka komai, ka ce wa mai gyara ya fara duba wannan.

A ganina zaɓin da ke gaban yawancin gidajenmu ba tsakanin Linux da Windows mai lasisi yake ba. Tsakanin Linux ne da Windows na kirak ko wanda aka daina kula da shi. In haka ne, Linux ya fi.

An ce an kashe Windows 10. Kwamfutata za ta daina aiki ne?

Ba za ta daina ba. Abin da ya tsaya ranar 14 ga Oktoba 2025 shi ne gyare-gyaren tsaro na kyauta da Microsoft ke turowa kowane wata. Kamfanin ya buɗe wani shirin ƙarin wa'adi ga masu amfani na gida har zuwa Oktoban 2026, wanda sai an yi rajista da asusun Microsoft. Bayan wa'adi, duk ɓarakar da aka gano za ta zauna ba toshi. An ga illar haka a watan Mayun 2017, lokacin da birus ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama har da asibitocin Ingila, alhali maganin ɓarakar ya fito tun watan Maris, ba a dai sa shi ba. Masu Windows 7 kuwa tun Janairun 2020 aka bar su. Kwamfutar da ba ta hawa intanet, buga takardu kawai take yi, haɗarinta kaɗan ne, sai dai ta kile (duba amsar da ke kan birus).

To me zai hana in sa Windows 11 kawai?

In kwamfutarka ta cika sharuɗɗa kuma tana da lasisi, sa shi, babu laifi. Sharuɗɗan su ne RAM giga 4, diski giga 64, wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da injin Intel daga zubi na 8 zuwa sama ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. A nan ne gizo ke saƙar: Core i5 na zubi na 4, na 5 da na 6 su ne suka cika kasuwarmu, kuma duk ba sa cikin jerin. Lambar farko bayan layin ce ke nuna zubin, misali i5-6300U na 6 ne, i5-8250U na 8. Akwai dabarun tsallake binciken a sa shi da ƙarfi, amma Microsoft ya faɗa cewa bai yi alkawarin sabunta irin waɗannan ba. Ka kuma sani cewa Windows 11 na gida na neman intanet da asusun Microsoft tun wajen sa shi.

Tawa tsohuwa ce, RAM giga 4. Wane Linux zan sa, kuma da gaske ya fi sauri?

Ga wanda ya saba da Windows, Linux Mint nake ba da shawara. Maɓallin farawa na ƙasa hagu, agogo na dama, manyan fayiloli kamar yadda ka saba, kuma ana iya mayar da shi Faransanci gaba ɗaya. Mint 22 an gina shi a kan Ubuntu 24.04, za a ci gaba da kula da shi har 2029. Yana tashi da RAM giga 2 da diski giga 20, amma giga 4 ya fi daɗin aiki. Mint na zuwa da samfura daban-daban: samfurin Cinnamon ya dace da giga 4 zuwa sama, Xfce kuma ya fi sauƙi ga mai ƙasa da haka. Tsofaffi tukuf masu injin 32-bit sai irin su antiX.

Batun sauri, gaskiya ne ya fi sauƙin nauyi, don ba ya ɗauke da ayyuka masu yawa a bayan fage. Amma burauza ba ta san sistem ba. Ka buɗe shafuka goma da YouTube a kan giga 2, za ta ja ƙafa ko a ina. Abin da ya fi komai farfaɗo da tsohuwar kwamfuta shi ne cire tsohon diski mai juyawa a sa SSD, kuma wannan ya shafi Windows da Linux duka.

Ni ɗalibi ne a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, zan rubuta memwar. Akwai Word da Excel?

Microsoft Office ba ya hawa Linux. Abin da Mint ke zuwa da shi shi ne LibreOffice, wanda gidauniyar The Document Foundation ke kula da shi tun 2010: Writer a madadin Word, Calc a madadin Excel, Impress a madadin PowerPoint. Yana buɗe docx da xlsx, yana kuma ajiye su. Wasiƙa, takardar neman aiki, darasin malami, lissafin shago, duk zai yi ba tare da matsala ba.

Memwar ta fi buƙatar kula, don tana zuwa tana dawowa tsakaninka da malamin da ke duba ta, shi kuma da Word yake aiki. Abin da ke jirkita shafi yawanci salon harafi ne. In babu Times New Roman ko Calibri a kwamfutarka, sai a musanya su da wasu, layuka su matsa. Liberation Serif faɗinsa ɗaya da Times New Roman, Carlito kuma ɗaya da Calibri, don haka ka tabbatar suna nan. Ka riƙa ajiyewa da docx tun farko, kuma duk ranar da za ka kai bugawa ka mayar da ita PDF, domin PDF ba ya motsi a kowace na'ura. Wanda ke aiki da fayilolin Excel masu makro (ƙananan umarni da ke yin aiki da kansu) da wani ofis ya tsara, shi kam ya duba amsar da ke kan waɗanda bai kamata su bar Windows ba.

Da gaske ne Linux ba ya kamuwa da birus?

An yi ƙari a maganar, amma akwai gaskiya a ciki. Birus ɗin da ya addabe mu, wanda kake kai kile siber ko shagon buga takardu ka dawo ka tarar duk fayilolinka sun koma gajerun hanyoyi, don Windows aka rubuta shi, ba ya tashi a Linux. Har ma in ka soka kilen a Linux za ka ga fayilolin da ya ɓoye, ka kwashe abinka, ka goge shi da hannu. Sannan a Linux daga rumbun da aka tantance ake ɗauko manhajoji, kuma babu abin da ke shiga cikin sistem sai ka buga kalmar sirri.

Abin da Linux ba ya karewa shi ne yaudara. Saƙon da ke cewa ka ci kyauta, shafin bogi mai kama da Facebook, wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, duk waɗannan da mutum suke aiki, ba da na'ura ba. Kuma a yi adalci: Windows mai lasisi da ake sabuntawa, da mai gadinsa Defender a kunne, ya wadatar ga aikin gida.

Wanne ya fi cin mega?

Windows na sauke sabuntawa da kansa, kuma ga mai jona kwamfuta da wayarsa wannan na iya cinye forfe cikin dare ɗaya. Maganinsa shi ne ka shiga saitin Wi-Fi ka nuna masa cewa layin mai iyaka ne. Mint yana nuna maka jerin sabuntawar da girman kowace, ba ya saukewa sai ka ce.

Amma akwai inda Linux ke da rauni a wurinmu. Mun saba karɓar manhaja a kile daga hannun aboki, a danna a sa. A Linux yawancin manhajoji sai da intanet, kuma ranar farko kana buƙatar mega mai ɗan yawa don harshen Faransanci da abubuwan kunna bidiyo da sabuntawar farko. Fayil ɗin Mint kansa ya kusa giga 3, na Ubuntu 24.04 ya kusa ninkinsa. Sauƙin shi ne mutum ɗaya in ya sauke, unguwa guda na iya amfani da kilensa, kuma halal ne.

Firintata da wayata da Wi-Fi za su yi aiki?

Wayar Android tana buɗewa da an jona ta da igiyar USB, a kwashi hotuna. Ba da intanet daga waya ta USB ko Wi-Fi shi ma yana yi. Firintocin HP galibi suna tashi da kansu, Epson na da direbobinsa na Linux, wato manhajojin da ke sa sistem ya gane na'urar. Tsofaffin ƙananan Canon irin LBP 2900, waɗanda ke da yawa a shagunanmu, an san su da wahalar saitawa. Wasu katunan Wi-Fi na Broadcom sai an sa musu direba daga baya ta hanyar jona intanet da igiya. Firefox, Chrome, VLC, Telegram da Zoom duk suna da na Linux. WhatsApp ta burauza ake buɗe shi. iTunes babu. Kada ka dogara da jeri irin wannan kaɗai, ka gwada kayanka da kanka kamar yadda aka bayyana a amsar gwaji.

Zan iya rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ? Ajami fa?

Za ka iya a dukansu. Windows na da tsarin madannai na Hausa, Linux ma na da shi a cikin saitinsa. Sai dai dukansu a kan jerin QWERTY aka gina su, don haka mai kwamfutar da ta zo daga Faransa ko Baljiyam da jerin AZERTY zai ga haruffa sun sauya wuri. Mafita biyu ce. Ko dai ka sa Keyman, manhajar kyauta ta ƙungiyar SIL da ke aiki a Windows da Mac da Linux, ko ka koya wa Writer ko Word gyaran kai-tsaye, ya riƙa mayar da wata alama da ka zaɓa zuwa harafi mai lanƙwasa. Ka kula da ƴ musamman, don mu a Nijar da ita muke rubutu, maƙwabtanmu na Najeriya kuwa 'y suke sawa. Salon harafi irin Charis SIL, Andika da Noto suna da dukkan haruffan. Ga masu ajami, SIL ta fitar da Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na ƙasar Hausa, da Harmattan, kuma duka kyauta ne.

Su wane ne bai kamata su bar Windows ba?

Duk wanda abincinsa ke rataye da wata manhaja ta musamman. Mai zanen katin biki da allon talla da CorelDraw ko Photoshop, mai zanen gini da AutoCAD, akawun da ofis ya ba manhajar lissafi, da masu gyaran waya, waɗanda yawancin kayan filashin ɗinsu na Windows ne. Akwai madadi masu kyau, GIMP don hoto, Inkscape don zane, Kdenlive don bidiyo, amma koyonsu na cin lokaci, kuma abokin ciniki zai kawo maka fayil ɗin Corel ne yana jira a tsaye. Akwai Wine da ke tayar da wasu manhajojin Windows a Linux, sai dai ba abin da za a jingina sana'a a kansa ba ne. Irin waɗannan mutane su nemi kwamfutar da ke ɗaukar Windows 11 da lasisinta, su lissafa shi cikin jarin sana'a.

Samari masu wasanni: tun da kamfanin Valve ya fito da Proton a 2018 wasanni da yawa na shagonsa na Steam suna tashi a Linux, amma irin su Fortnite da Valorant ba sa yi.

Mac fa, Alhaji ya ce ita ta fi?

Na'ura ce mai kyau, batirinta na jimawa, musamman tun daga injin M1 na 2020, kuma ba a biyan kuɗin sabunta sistem ɗinta. Matsalarta tsada da kayan gyara, don abin da za a samo wa HP a nan cikin gari, na Mac sai an aika Kano ko Yamai. Tsohuwar Mac mai injin Intel da Apple ya daina sabuntawa tana iya ɗaukar Mint.

Yaya zan gwada ba tare da na goge kayana ba?

Ka samo kile mai giga 8, ka sauke Mint daga shafinsa na asali, ka rubuta shi a kilen da Rufus ko balenaEtcher. Duk abin da ke kilen zai goge. Ka kunna kwamfutar kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ko Lenovo ce, ka zaɓi kilen. Mint zai tashi daga kile bai taɓa diskinka ba. Ka gwada Wi-Fi, sauti, kyamara, firinta, ka buɗe takardunka na Word ka gani. Zai ɗan yi nauyi don daga kile yake gudu. Ka kashe ka zare, Windows ɗinka na nan yadda ka bar shi.

In ya yi maka, kana iya sa su biyun a diski ɗaya, kwamfutar ta riƙa tambayarka wanda za ka shiga. Wannan ya dace da gidan da uba ke buƙatar Windows don aiki, yara kuma su yi karatu a Linux. Kafin a taɓa diski, a kwashe hotuna da takardu zuwa wani wuri, ba a sassauta wannan. A kashe saurin tashi na Windows, don yana kulle diskin Linux ya kasa rubutu a ciki. In BitLocker, mai kulle diskin Windows da makullin sirri, na kunne, a rubuta makullinsa a takarda tukuna.

Yawan ɗauke wuta da zafin bazara, wanne ya fi jurewa?

Dukansu suna da tsarin da ke rage lalacewar diski in wuta ta yanke, amma babu wanda ke jure yankewa ana tsakiyar sabuntawa. Kada ka fara sabuntawa sai da caji, musamman in batirin ya mutu. Mint na zuwa da Timeshift, mai ɗaukar hoton sistem don a koma baya in abu ya ɓaci, ka kunna shi tun ranar farko, amma ka sani ba ya ajiye takardunka. Zafin Afrilu da Mayu kuwa ya fi illa in ƙurar hunturu ta toshe fanka, maganin a buɗe a share, a daina ɗora kwamfuta a kan katifa.

In ta lalace, wa zai gyara mini a nan Maradi?

Wannan damuwa ce ta gaskiya. Masu gyara da yawa Windows suka sani, kuma wanda bai san Linux ba abin da zai fara cewa shi ne a yi format. Windows ba ya karanta diskin Linux, don haka zai iya ce maka babu komai a ciki alhali kayanka na nan. Kada ka bari a goge. Kilen da ka yi gwaji da ita ka adana ta, da ita za a tayar da kwamfutar a kwashe fayiloli ko da sistem ya ƙi tashi. Matsalar allo, batiri, madannai ko wurin caji ba ta da alaƙa da sistem, kowane mai gyara zai yi.

Ɗaliban sashen kwamfuta sukan san Linux, don suna haɗuwa da shi a karatunsu, kuma akwai bayanai masu yawa da Faransanci a dandalin masu amfani da Ubuntu da Mint. In za ka sa wa Hajiya ko Baba, ka zauna da su ka nuna musu inda burauza take, inda hotuna ke zama, da yadda ake sabuntawa, ka rubuta musu kalmar sirri su adana, kuma ka bar musu lambar wanda za su kira.